Ɗalibin sakandare ya ci ko ya faɗi: nawa ne rabon gida, nawa ne na unguwa?

Duk lokacin da sakamakon jarrabawar kammala sakandare ya fito, gardama iri ɗaya ce ke tashi. Malamai su ce iyaye sun jibge musu yara sun juya baya, ko taron makaranta ba sa zuwa. Iyaye su ce mun ciyar, mun tufatar, mun sayi littattafai, mun tura, to me kuma ya rage mana? Dattawa su ce ai unguwa ce ta lalace, yanzu babu mai tsawata wa ɗan wani. Kowa da gaskiyarsa, amma an bar ainihin tambayar a gefe: shin goyon bayan gida da na al'umma yana ƙara wa ɗalibi maki da gaske? Idan yana ƙarawa, wane irin goyon baya ne, tunda kalmar ta haɗa abubuwa da yawa da ba su yi kama da juna ba?

Kusan shekara 60 ke nan masana ilimi suna bin diddigin wannan batu, kuma abin da suka gano bai yi wa kowane ɓangare daɗi gaba ɗaya ba.

Me ake nufi da goyon baya?

Idan aka ce gida yana tallafa wa karatun yaro, mutane sukan hango kuɗin makaranta da littattafai. Wannan kashi ɗaya ne kawai. Akwai lokaci: shin yaron yana da awa biyu nasa na kansa da yamma, ko kuwa daga aike sai raino sai taya sana'a har dare? Akwai kwanciyar hankali, domin yaron da ya kwana yana jin iyayensa suna sa-in-sa ba zai fahimci lissafin safe ba ko da malamin gwani ne. Akwai hulɗa da makaranta. Sai kuma wanda ya fi wuyar gani da ido, wato abin da gida yake tsammani daga yaron, da yadda ake zancen gabansa a gabansa.

Na al'umma kuma ya haɗa da abokan da yake yawo da su, manyan da ba iyayensa ba amma sun san da zamansa, ɗakin karatu ko ƙungiyar da zai iya fakewa, da lafiyar hanyar da yake bi zuwa makaranta. Shi ma "ƙoƙari a karatu" ba maki kaɗai ba ne. Masu bincike suna duba zuwa makaranta a kai a kai, da kammalawa ba tare da an watsar ba, da wucewa gaba. Sau da yawa tasirin gida ya fi bayyana a waɗannan fiye da a takardar jarrabawa.

Inda maganar ta samo asali

A shekarar 1964 majalisar dokokin Amurka ta zartar da dokar 'yancin jama'a, wadda a cikinta aka ba da umarnin a binciko bambancin damar ilimi tsakanin ƙabilun ƙasar. Aka ɗora wa masanin zamantakewa James Coleman aikin. Shi da abokan aikinsa suka tattara bayanan ɗalibai sama da 600,000 daga makarantu kusan 4,000, suka fitar da rahoto a 1966. Kowa ya zaci za a ce bambancin gine-gine da kayan aiki da kuɗin da ake kashewa ne ke raba mai ci da mai faɗuwa. Sai rahoton ya nuna cewa gidan da yaro ya fito ya fi waɗannan bayyana bambancin maki, sannan irin yaran da yake zama aji ɗaya da su su ma suna da nasu tasirin.

Tun daga nan aka yi ta maimaita irin wannan sakamako. Jarrabawar PISA, wadda OECD, ƙungiyar haɗin kan ƙasashe kan tattalin arziki da ci gaba, ta fara a shekarar 2000 don gwada 'yan shekara 15 a ƙasashe da dama, kullum tana nuna tazara tsakanin yaran masu hali da na marasa hali. Abin lura a nan shi ne faɗin tazarar ba ɗaya ba ne a ko'ina. A wasu ƙasashen gida yana kusan yanke wa yaro hukunci, a wasu kuma makaranta tana cike giɓin sosai. Ke nan duk wanda ya ɗauki rahoton Coleman ya ce makaranta ba ta da amfani, ya karanta shi a juye.

Abin da ya yi aiki a firamare ba lallai ya yi a sakandare ba

Nan ne mafi yawan iyaye suke kuskuren fahimta, kuma kuskuren yana sa wasu su sare tun kafin su fara. Uwa ko uban da bai yi nisa a karatu ba yakan ce: "Ni me na sani a kimiyya da zan taimake shi?" Yana ganin goyon baya shi ne ka zauna kusa da yaro ka taya shi jingar da malami ya bayar.

A 2009 wasu masu bincike biyu, Nancy Hill da Diana Tyson, suka haɗa sakamakon nazari 50 da aka yi kan yaran ƙaramar sakandare, suka raba shigar iyaye gida uku: abin da suke yi a makaranta kamar halartar taro, abin da suke yi a gida kamar taya jinga, da kuma yadda suke cusa wa yaro darajar ilimi ta hanyar hira, wato nuna masa abin da ake fata gare shi, haɗa darasinsa da rayuwa, da tattauna shirin gaba. Na ukun nan ne ya fi tafiya da maki mai kyau. Zuwa makaranta ya biyo baya da ɗan ƙaramin tasiri. Taya jinga kuwa shi ne ya zo ƙarshe, har ma aka ga yana tafiya da raguwar maki. William Jeynes, wanda ya yi irin wannan tattarawa kan ɗaliban sakandare a birane, shi ma ya tarar cewa burin da iyaye suke da shi kan yaro ya fi ƙa'idojin gida da halartar taro nauyi.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne ga wanda ya taɓa zama da ɗan shekara 15. Darasi ya yi zurfi, ya wuce abin da yawancin iyaye suke tunawa. Malamai sun yi yawa, ba kamar firamare da ake da guda ɗaya da ya san kowa ba. Uwa uba, yaron ya kai shekarun da yake son a san shi ma mutum ne. Wanda da yake murna idan an duba littafinsa, yanzu kallon tuhuma yake wa abin.

Na san wata uwa da ba ta iya karanta rubutun ɗiyarta ba. Duk dare sai ta ce: "Zo ki koya mini abin da aka koya muku yau." Yarinyar ta buɗe littafi ta fara bayanin yadda jini ke zagaya jiki, uwar tana tsayar da ita: "Tsaya, to idan ya je huhun me yake ɗaukowa?" Wani lokaci yarinyar ta kasa amsawa, ta yi shiru ta koma shafin baya. Uwar ba ta san amsar ba, kuma ba ta taɓa yin kamar ta sani ba. Amma wanda zai yi wa wani bayani dole ya fara fahimta, kuma kullum yarinyar tana shiga aji da sanin cewa akwai mai jiran labari da daddare. Kwatanta wannan da uban da ba ya magana sai ƙarshen zango, ya karɓi takardar sakamako ya ce: "Na nawa ka zo?" Idan an ce na 12, ya ce ɗan wane fa? Dukansu biyu sun damu da karatun 'ya'yansu. Ɗaya tana tambayar abin da aka koya, ɗayan yana tambayar matsayi, kuma yaro yana gane bambancin sarai.

Tsakanin tsanani da sakaci

A shekarun 1960 Diana Baumrind ta rarraba salon tarbiyya: akwai mai tsanani da ba a tambayarsa dalili, akwai mai sakin linzami, akwai kuma mai kafa ƙa'ida ya tsaya a kanta amma yana saurare yana bayani. A 1987 Sanford Dornbusch da abokan aikinsa suka gwada wannan kan ɗaliban sakandare kusan 8,000 a jihar Kalifoniya, suka ga yaran salo na uku sun fi samun maki. Sai dai ko a binciken nasu, alaƙar ba ta yi ƙarfi iri ɗaya a kowace ƙabila ba, domin abin da yaro a wata al'umma yake ɗauka tsangwama, a wata kulawa yake ɗaukarsa. Saboda haka ba na ganin hikima a ɗauko ma'aunin wani wuri a ɗora wa kowa.

Abin da ba a cika musu a kansa ba shi ne buri yana da iyaka. Idan ya wuce abin da yaro zai iya, ko aka ɗaura ƙaunar gida a kan maki, sai ya koma tsoro. Yaron da ke tsoron komawa gida da sakamako yakan koyi ɓoye takarda, ko satar amsa, ko ya zaɓi darasi mai sauƙi don kada ya ji kunya. Akwai kuma barci, wanda iyaye masu ƙwazo sukan sadaukar da shi da kyakkyawar niyya. Likitoci sun ce 'yan shekara 13 zuwa 18 suna buƙatar awa 8 zuwa 10 a dare. Gidan da ya karɓe waya da wuri ya sa yaro ya kwanta, ya yi wa karatunsa hidima fiye da wanda ya bar shi yana gyangyaɗi a kan littafi har ƙarfe ɗaya.

A yi hattara: tafiya tare ba haddasawa ba ne

Yawancin binciken da aka ambata a sama cewa suke yi abu kaza yana tafiya tare da abu kaza. Wannan bai tabbatar da cewa ɗaya ne ya haifi ɗayan ba. Ɗauki batun taya jinga. Yana iya yiwuwa ba taimakon ne ke rage maki ba, a'a, iyaye ne suke shigowa idan sun ga yaro ya fara tangal-tangal. Ba a cewa asibiti ne ke kawo cuta don an ga marasa lafiya a cikinsa. Haka ma buri: uban da ɗansa ke zuwa na ɗaya tun yana ƙarami, ba abin mamaki ba ne ya riƙa zancen jami'a. Wa ya fara, burin ko ƙoƙarin? Galibi kowanne yana ciyar da ɗan'uwansa.

Sai batun gado, wanda mutane ba sa son a taɓa. Binciken da aka yi kan dubban tagwaye a Ingila ya nuna cewa fiye da rabin bambancin maki a jarrabawar da suke yi suna shekara 16 yana da alaƙa da ƙwayoyin halittar da aka gada. Iyayen da suka ba yaro gida mai littattafai su ne dai suka ba shi jini, don haka raba tasirin biyun akwai wuya. Amma wannan adadi bayanin bambanci ne tsakanin jama'a a wani wuri da wani zamani, inda kusan kowa yana samun makaranta da abinci. Ba hukunci ba ne a kan wani yaro guda. Wani nazari da aka yi a Ayislan aka wallafa a 2018 ma ya nuna cewa hatta ƙwayoyin halittar iyaye da yaro bai gada ba suna da alaƙa da nisan karatunsa, kuma masu binciken sun danganta hakan da irin gidan da iyayen suka gina masa.

Abin da iyaye ba su sani ba

Hujja mafi ƙarfi tana fitowa ne daga gwajin da ake raba mutane ta hanyar ƙuri'a, a yi wa wasu abu a bar wasu, sannan a kwatanta. Irin waɗannan gwaje-gwaje sun tono wani abu mai sauƙi: iyaye da yawa ba rashin kulawa ke damunsu ba, rashin labari ne.

Peter Bergman ya gwada wannan a wata makaranta a Los Angeles da yawancin iyayen ɗalibanta masu ƙaramin ƙarfi ne. Aka riƙa aika wa wasu iyaye saƙo a kai a kai ana gaya musu takamaiman ayyukan da yaransu ba su miƙa ba. Ba nasiha, ba wa'azi. Makin waɗannan yara ya tashi. A Filadelfiya kuma Todd Rogers da Avi Feller suka aika wa dubban gidaje wasiƙa ɗauke da adadin kwanakin da yaro ya yi fashi, bayan sun gano cewa iyaye suna ƙiyasta fashin ƙasa da yadda yake nesa ba kusa ba. Yawan fashi mai tsanani ya ragu da kusan kashi 10 cikin 100.

Ɗan sakandare shi ne ɗan aike tsakanin gida da makaranta, kuma ɗan aiken nan yana da abin karewa. "Yaya makaranta?" "Lafiya lau." "An ba ku aiki?" "Na gama a aji." A haka zango zai ƙare. Makarantar da ke jiran ƙarshen zango kafin ta sanar da gida, sannan ta ce iyaye ba su damu ba, tana da nata kason na laifi.

Unguwa, abokai da babban mutum guda

A 1988 Coleman ya dawo da wata hujja. Ya ce akwai wani jari da ba kuɗi ba ne, ba kuma ilimin iyaye ba ne, yana zaune ne a cikin alaƙar mutane. Misalinsa shi ne inda iyayen abokai suka san juna. Idan yaro ya ce yana gidan su wane suna bita, kuma uwarsa ta san uwar wane, ƙarya ba ta da wurin kwana. Da wannan ya bayyana dalilin da ya sa barin karatu ya yi ƙaranci a makarantun Katolika na Amurka, inda iyaye ke haɗuwa a wurin ibada ɗaya. Masu suka sun ce wataƙila iyayen da suka zaɓi irin waɗannan makarantu daman daban suke. Suna da hujja, amma tunanin nasa ya zauna.

Wani dogon bincike ya fi taɓa ni. Emmy Werner ta bi rayuwar yara 698 da aka haifa a 1955 a tsibirin Kauai na Hawai har suka manyanta. Kusan kashi ɗaya cikin uku sun taso cikin talauci da rikicin gida. A cikin waɗannan, kimanin ɗaya bisa uku sun girma lafiya lau, sun yi karatu sun kama sana'a. Abin da ya yawaita a tarihinsu shi ne kowanne ya samu aƙalla babban mutum guda da ya riƙe shi: kaka, ko yaya, ko maƙwabci, ko malami. Wannan albishir ne ga marayu da yaran da gidansu ya rabu, kuma nauyi ne a kan sauran jama'a. Sau da yawa abin bai wuce malamin da ya lura cewa kujera ta yi kwana uku babu kowa ba, ya tambaya.

To idan unguwa tana da tasiri, me zai hana a kwashe yara a kai su wadda ta fi? An gwada. Daga 1994 gwamnatin Amurka ta yi ƙuri'a tsakanin iyalai kusan 4,600 a birane biyar, ta taimaka wa wasu suka koma unguwannin da talauci bai yi katutu ba. Da farko ba a ga wani canjin kirki a makin yara ba. Bayan shekaru, Raj Chetty da abokan aikinsa suka sake dubawa, suka ga waɗanda suka ƙaura kafin su kai shekara 13 sun fi shiga jami'a kuma sun fi samun kuɗin shiga da suka girma. Waɗanda suka ƙaura bayan shekara 13 ba su amfana ba, har akwai alamar sun ɗan cutu. Ɗaya daga cikin bayanan da aka bayar shi ne matashi ya riga ya saƙa zumuncinsa, kuma tsinke shi yana da farashi. Iyayen da ke sauya wa ɗan babbar sakandare makaranta duk shekara suna neman wadda ta fi, ya kamata su sa wannan a ma'auni.

Abokai kuwa wuƙa ce mai kaifi biyu, kowa ya sani. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne hana abota baki ɗaya ba ya aiki a wannan shekarun. Sanin abokan da barin su shigo gida ya fi.

Inda aljihu ke da magana

Akwai haɗari a duk wannan bayani: a mai da shi sandar dukan talaka. Uwar da ke fita aiki kafin gari ya waye ta dawo bayan duhu, idan ba ta zo taron iyaye da malamai da aka sa ƙarfe goma na safe ba, ba ƙin zuwa ta yi ba. Masanin nan na Faransa, Pierre Bourdieu, ya daɗe da nuna cewa makaranta tana saka wa yaran da suka zo da irin harshenta da ɗabi'unta daga gida, sannan ta kira abin hazaƙa. Annobar korona ta fito da wannan fili a 2020, lokacin da rufe makarantu ya shafi ɗalibai kusan biliyan 1.6. Karatu ya koma gida, sai aka ga wanda ke da intanet da tebur da mai tambayarsa, da wanda ba shi da ko ɗaya.

Shi ya sa wasu ƙasashe suka bi ta aljihu. A 1997 Meziko ta fara shirin Progresa, inda ake ba iyaye mata kuɗi bisa sharaɗin yaro ya riƙa halartar makaranta, kuma kason 'yan mata a sakandare ya fi na maza saboda su aka fi cirewa. Shiga sakandare ya ƙaru. Birazil ta bi sahu da nata shirin a 2003. Irin waɗannan shirye-shirye sun fi nasara wajen zaunar da yaro a aji fiye da ɗaga makinsa, domin idan ajin ba a koyar da komai, zama kawai aka saya.

Wani gwaji a Jamhuriyar Dominika ya haɗa batun rashin labari da na aljihu wuri ɗaya. Robert Jensen ya tarar cewa samarin da ke gab da shiga babbar sakandare suna raina abin da mai takardar sakandare ke samu, domin a unguwanninsu ba su cika ganin wanda karatu ya ɗaga ba. Waɗanda suka yi nasara sun tashi sun bar wurin. Aka gaya wa wasu daga cikin samarin ainihin bambancin albashin. Cikin shekaru huɗu da suka biyo baya, waɗanda aka gaya wa sun fi daɗewa a makaranta. Amma da aka raba su bisa ƙarfin gida, sai aka ga ribar ta tsaya ne a kan masu ɗan dama-dama. Yaran gidajen da suka fi talauci sun ji bayanin, sun kuma yarda da shi, amma kusan babu abin da ya canza a zamansu a makaranta.